Babur ya daɗe a ajiye, yanzu silo ya ƙi zama: ta ina za a fara?

Tambayar da aka turo a kan tsohon babur ne, Honda CG125, wanda aka jingine a sito kusan shekara biyu da sauran mai a tanki. An fito da shi an sa sabon fulogi, yana tashi idan an ja cok, amma da an mayar da cok sai ya mutu. Idan an riƙe totur har ya yi zafi, silo, wato aikin inji a tsaye ba a murɗa totur ba, ba ya tsayawa wuri ɗaya: wani lokaci ya haura sama ya daɗe bai sauko ba, wani lokaci ya yi ƙasa-ƙasa ya ɗauke. Mai shi ya juya sukurun silo da na cakuɗa mai da iska gaba da baya, abin sai ƙara rikicewa yake yi.

Ɗan'uwa, abu na farko shi ne ka ɗauke sukudireba daga kan waɗannan sukurorin biyu na kafireto. Babur ɗin lafiyarsa ƙalau ranar da aka ajiye shi, kuma sukuru ba ya juya kansa a cikin sito. Abubuwan da zama ke canzawa su ne mai, roba, da duk wata kafa da ƙura ko ƙwaro zai iya shiga. Idan ka yi ta saiti a kan kafireton da ya toshe, ɓoye cutar kawai kake yi, kuma ranar da ka wanke shi sai ka tarar saitin ya yi nisa da inda ya kamata.

Alamun da ka bayar sun riga sun nuna hanya. Aikin cok shi ne rage iskar da ke shiga don mai ya yi yawa a cakuɗen. Injin da ba ya zama sai da cok, yana gaya maka cewa a silo man da ke isa gare shi ya yi kaɗan, ko kuma iska ta yi yawa. Haka ma injin da ka ɗan murɗa ka saki ya tsaya a sama yana ihu kafin ya sauko a hankali, ƙarancin mai ne. Akasin haka shi ne wanda idan ka saki totur yake faɗuwa ƙasa da silo kamar zai mutu sannan ya farfaɗo, da baƙin hayaƙi da warin ɗanyen mai a salansa, fulogi kuma ya yi baƙi da kunkunniya. Wannan mai ne ya yi masa yawa. Naka yana yin na farkon sosai, yana ɗan taɓa na biyun, kuma hakan ba abin mamaki ba ne a babur ɗin da ya zauna, domin yana yiwuwa jet, ɗan ƙarfen tagulla mai siririn rami da mai ke bi, ya toshe, kuma allurar fulot, wadda ke tsayar da shigar mai idan kwanon kafireto ya cika, tana yoyo a lokaci guda.

Fara da tanki, kada ka fara da kafireto. Wanda ya wanke kafireto tas ya mayar da shi ƙarƙashin tanki mai tsatsa, cikin kwana biyu zai sake kwance shi. Fetur ba ya jure zama. Ɓangarensa mai saurin kamawa da wuta shi ke fara tashi ya bi iska, musamman a zafin Maris zuwa Mayu cikin ɗaki mai rufin kwano, abin da ya rage kuma ya yi duhu ya yi kauri. Buɗe murfin ka shinshina: tsohon mai warin tsohon fenti yake yi. Zare tiyon da ke zuwa kafireto, ka tsiyaye duk abin da ke ciki a kwalba mai haske, ka bar ta ta zauna minti goma. Idan akwai ruwa za ka gan shi ya kwanta a ƙasa da iyaka a fili tsakaninsa da man. Ruwan nan yawanci raɓar da tankin da ba a cike ba ke tarawa ne a damina, kuma shi ke kawo tsatsa. Kada ka ce za ka haɗa tsohon da sabo don gudun asara, ɗan man nan bai kai wahalar da zai jawo ba.

Haska tocila cikin tankin. Idan ɗan ja-ja ne kawai, ɗauraya da sabon mai sau biyu ta isa. Idan tsatsar tana ɓarewa, cire tankin, cire famfon mai, toshe ramin, zuba noti da ƙananan kusoshi cike da hannu ɗaya tare da kalanzir ka yi ta girgizawa, ka juye, sannan ka cika shi da ruwan khal ya kwana ɗaya ko biyu. Ƙirga notin kafin ka zuba, ka ƙirga bayan ka juye. Bayan ɗauraya da ruwa ka shanya shi a rana ya bushe ƙayau, ka zuba mai nan take, domin ƙarfen da aka kankare yana sake tsatsa cikin sa'o'i. Shi ma famfon man a kwance shi, akwai 'yar raga a jikinsa da ƙaramin kofi a ƙasa inda datti ke taruwa. Idan an mayar, man ya riƙa zubowa a miƙe ba ɗigo-ɗigo ba, a buɗe da kuma a rizab. Sauya tiyon idan ya ƙandare, ka sa ƙaramar matatar mai mai haske a tsakiyarsa. Murfin tanki kuma yana da ƙaramar kafar shaƙar iska. Idan ta toshe, babur zai yi minti biyar ko goma lafiya sannan ya fara shaƙewa, kana buɗe murfin sai ya dawo daidai.

Kafin ka tada injin kuma, zaro ma'aunin baƙin mai ka shinshina. Idan an bar famfon mai a buɗe tsawon zaman nan kuma allurar fulot ba ta rufewa, fetur yana gangarawa silinda ya wuce ringi ya shiga cikin baƙin mai. Za ka ga man ya haura alamarsa, ya tsinke, yana warin fetur. Ko babu wannan ma, man da ya yi shekara biyu a sauya shi. CG125 kusan lita ɗaya yake ci, kuma 20W-50 na babur ya dace da zafin ƙasarmu.

Yanzu kafireto, inda mafi yawan matsalar take. Abin da ya sa silo ne ke fara lalacewa bayan ajiya shi ne, idan totur yana rufe, duk man da inji ke sha ta ƙaramin jet ɗaya yake bi, wanda raminsa bai kai rabin milimita ba. Man da ya bushe a kwanon kafireto yana barin wani danƙo kamar ƙaro, kuma ɗan siririn shafi a bangon wannan ramin ya isa ya rage man da ke wucewa sosai. Babban jet raminsa ya kai milimita ɗaya ko kusa da haka, shi ya sa babur ke iya gudu a titi amma ya mutu a mahaɗa.

Rufe famfon mai, kwance murfin saman kafireto ka zaro silaid, wato ƙarfen da totur ke ɗagawa don buɗe hanyar iska, da allurarsa, sassauta noti biyun da ke riƙe kafireton, ka ɗauko shi zuwa kan tire mai tsabta. Sukurorin kwanon suna da laushin kai, ka danna sukudireba da ƙarfi kafin ka juya. Kafin ka cire sukurun cakuɗa mai da iska, juya shi ciki a hankali kana ƙirga zagaye har ya taɓa ƙasa, ka rubuta adadin. Kada ka matse shi, bakinsa siriri ne, yana iya karyewa ya maƙale a ramin, kuma wannan ya kashe kafireton ke nan. Idan ka zaro shi za ka samu sifirin, ƙaramar washa, da ƙaramar robar zobe. Sau da yawa washar da robar suna maƙalewa a cikin ramin, sai an leƙa an ciro su. Robar nan idan ta tsage ko ta ɓace, iska na shiga ta nan, silo ba zai taɓa zama ba komai wankin da aka yi.

Ture fil ɗin fulot, ɗauke fulot da allurarsa, kwance babban jet da bututun da yake ɗaure a kai, sannan ƙaramin jet da ke gefensa. Sukudireban da za ka sa wa ƙaramin ya cika tsagar daidai, domin tagulla ce, tana saurin cinyewa. Ware duk roba gefe guda, ka jiƙa ƙarafan a maganin wanke kafireto ko tina na awa ɗaya zuwa biyu. Ɗaga ƙaramin jet ɗin ga rana ka leƙa: dole ka ga haske zagayayye tsaf. Idan hasken ya yi duhu-duhu ko ya karkace gefe, bai fita ba. Zaro sili ɗaya na jan ƙarfe daga cikin tsohuwar wayar lantarki ka zura a hankali kana juyawa, ka fesa magani, ka sake leƙawa. Allurar ɗinki ko wayar kebur ba su da wuri a nan. Ƙarfensu ya fi tagulla tauri, suna buɗa ramin, kuma jet ɗin da aka buɗa ba ya komawa, sai babur ya koma shan mai da baƙanta fulogi. Dubi ƙananan ramukan da ke gefen jikin jet ɗin da na bututun babban jet, su ma kowanne ya buɗe.

A nan mutane da yawa ke tsayawa, shi ya sa za ka ji an ce an wanke kafireto sau uku bai yi ba. Jet ƙofa ce kawai. Bayansa akwai siririyar hanya a cikin jikin kafireton da ke kai man zuwa maƙogwaro, wato babban ramin da iska ke bi, inda take fita ta ƙananan ramuka a gefen inji kusa da inda silaid ke sauka, tana kuma haɗuwa da wata hanyar iska da ke farawa daga bakin kafireto ta ɓangaren matatar iska. Sa bututun gwangwanin feshi a ramin da ƙaramin jet ya fito, ka toshe ramin sukurun cakuɗa da yatsa, ka fesa. Ya kamata ka ga maganin ya fito a cikin maƙogwaro, ya kuma fito ta ƙaramin ramin bakin. Sai ka sauya, ka fesa ta ramin sukurun, ka fesa ta ramin bakin, har kowace kafa ta ba da amsa. Kawar da fuskarka, maganin yana dawowa ido. Daga nan ka kai wa mai faci ya hura maka iska a kowane rami, amma da kwano a cire da fulot a waje, don iskar kwamfuresa tana iya lotsa fulot.

Allurar fulot ka dube ta da kyau. Idan bakinta ya yi zobe inda take zama, ko ɗan fil mai sifirin da ke bayanta ya ƙage ba ya dannuwa, a sauya ta. Mazauninta ka goge shi da auduga mai tsinke da ɗan man goge baki har ya yi ƙyalli, ka wanke. Girgiza fulot kusa da kunne, idan ka ji ruwa a ciki ya huje. Bayan an haɗa, ga yadda za ka tabbatar da tsayin mai ba tare da ma'auni na musamman ba: sa tiyo mai haske a bututun tsiyaya da ke ƙasan kwano, ka lanƙwaso shi sama a jikin kafireto, babur a tsaye cak a kan babbar ƙafa, ka buɗe sukurun tsiyaya da famfon mai. Man zai tsaya a tiyon daidai tsayinsa a ciki, kuma ya kamata ya tsaya ɗan ƙasa kaɗan da layin da kwano ya haɗu da jiki, ya kuma zauna nan. Idan yana ta hawa a hankali, allurar ba ta rufewa. Wannan gwajin yana aiki ne a kafireton da bututun tsiyayarsa ke buɗewa da sukurun.

Akwai wani abu da ake yawan mantawa da shi a baburan da suka zauna a sito ko zaure, wato zanzaro. Yana son duk wani siririn bututu, ya cika shi da laka. Tiyon da kwanon kafireto ke shaƙar iska ta cikinsa idan ya toshe, mai ba ya tashi daidai, silo ya yi ta hawa da sauka ba dalili. Hura kowane tiyo da baki ka tabbatar, har da na numfashin inji, ka kuma leƙa bakin salansa. Ɓeraye su kuma soson matatar iska suke ci, su yi sheƙa a akwatin, su gwaigwayi wayoyi. Soson da ya tsufa ma da kansa yake marmashewa, injin ya zuƙe garin ya kai shi kafireto. Idan ka matsa shi bai dawo ba, sayi sabo. Idan da sauransa, wanke da kalanzir, shanya, ɗiga masa baƙin mai ka matse har ya daina ɗiga. Kada ka yi saiti babu matata a jiki, domin saitin zai canza da zarar ka mayar da ita.

Wajen mayar da silaid, yankakken gefensa ya kalli matatar iska, tsagar jikinsa kuma ta hau ɗan fil ɗin da ke cikin kafireto. Ya riƙa sauka da kansa har ka ji ƙararsa idan ka saki totur. Ƙullin allurar silaid ka bar shi a tsagar da ka same shi. Totur ya kasance da ɗan wasa na milimita 2 zuwa 6 kafin ya fara ja. Da injin yana aiki, juya kan babur dama da hagu har ƙarshe. Idan ƙarar ta canza, kebur ne ya ƙage ko aka bi da shi ta gurguwar hanya, sai a ɗiga masa mai ko a sauya.

Idan an yi duk wannan silo yana nan yana rataya a sama, nemi iskar ɓarauniya. Tsakanin kafireto da kan inji akwai robar zobe, da fakin, da ɗan faifan da ke raba zafi. Zafi da zama suna busar da su. Tada injin a waje, ba a cikin ɗaki ba, don hayaƙin salansa yana kisa a rufaffen wuri. Da yana silo, fesa ɗan maganin kafireto kaɗan a kowace mahaɗa ɗaya bayan ɗaya, nesa da salansa da wayar fulogi, da bokitin yashi a kusa. Inda ƙarar inji ta canza, nan kafar take. Sauya robar da fakin, kada a shafe da gam, fetur yana narkar da shi ya koma ciki. Notin biyu a ɗaure su bi da bi ba tare da wuce kima ba. Matsewa fiye da ƙima tana lanƙwasa fuskar kafireton, ta buɗe kafar da ake son rufewa. Idan ta riga ta lanƙwashe, shimfiɗa samfefa mai laushi a kan gilashi ka goga fuskar har ta daidaita.

Wuta ba ta cika zama sanadi a irin wannan ba, amma dubawarta ba ta da wuya. Fulogin CG125 da aka saba shi ne NGK D8EA, tazarar bakinsa milimita 0.6 zuwa 0.7, kuma sabo ma a auna shi. Murɗe hular fulogi daga wayarta, idan bakin wayar ya yi kore yanke kamar santimita ɗaya ka mayar. Goge inda koyil ke ɗaure da firam da duk wata mahaɗar waya da ta yi tsatsa. Tsofaffin samfura masu kwantak, wato 'yan ƙarafa biyu da ke buɗewa da rufewa don ba da tartsatsi, zama yana sa bakin kwantak ɗin ya yi datti: goge shi, ka saita tazarar a milimita 0.3 zuwa 0.4, ya fara buɗewa daidai lokacin da alamar F da ke jikin maganeto ta zo kan layi. Masu CDI, wato akwatin lantarkin da ya maye gurbin kwantak, da ke ɗaukar wuta daga maganeto ba ruwan tartsatsinsu da batir, amma akwai baburan da CDI ɗinsu daga batir yake sha, waɗannan mataccen batir yana hana su silo. Cikakken batir mai bolt 12 yana nuna kusan 12.6 a mita.

Bawul kuma a duba shi da inji a sanyaye sarai. Juya inji har alamar T da ke jikin maganeto ta zo kan layi a bugun matsi, lokacin da duka hannayen bawul biyun suke da ɗan motsi, ka sa ma'aunin tazara: milimita 0.08 ne ga na shiga da na fita. Bawul ɗin da ya matse yana ba da silo mai kyau da sanyi, ya lalace da zafi, ya kuma yi wuyar tashi bayan an kashe. Wani lokaci injin ya tsaya ne da bawul ɗaya a buɗe tsawon zaman, danshi ya sa mazauninsa tsatsa, ko ringi ya maƙale a jikin fistin. Za ka ji kiki ya yi laushi a ƙafa. Idan ma'aunin matsi ya nuna ƙasa da 100 psi da totur a buɗe duka, zuba ƙaramin cokali ɗaya na baƙin mai ta ramin fulogi ka sake aunawa. Idan ya ƙaru sosai ringi ne, idan bai motsa ba bawul ne. Ringin da zama ya maƙale yakan saki bayan tafiyar kilomita ɗari ko ɗari biyu da sabon mai, saboda haka kada a yi gaggawar buɗe inji.

Sai yanzu saiti ya zo. Tunda ka riga ka jujjuya sukurun cakuɗa, adadin da ka ƙirga ba abin dogaro ba ne, fara daga zagaye ɗaya da rabi zuwa biyu daga rufe. Lura da inda yake zaune: idan yana ɓangaren inji, mai yake sarrafawa, fito da shi ƙarin mai ne. Idan yana ɓangaren matatar iska, iska yake sarrafawa, fito da shi rage mai ne. Hau babur ɗin minti goma ya yi zafi sosai, cok a mayar. Ɗaga silo ɗan sama kaɗan da babban sukurun da ke tura silaid. Sannan juya na cakuɗa kwata-kwatan zagaye, kana jiran daƙiƙa goma sha biyar bayan kowane juyi, har ka sami wurin da ƙarar ta fi ɗagawa kuma ta fi santsi. Daga nan sauko da silo da babban sukurun zuwa zagaye 1,400 a minti, ka sake taɓa na cakuɗa kaɗan. Murɗa totur ka saki: ya amsa nan take, ya dawo silo cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu. Idan wuri mafi kyau ya faɗo ƙasa da zagaye ɗaya ko sama da uku, ko kuma juya sukurun ba ya canza komai, hanyar silo ba ta gama buɗewa ba, ko tsayin mai bai daidaita ba, ko akwai sauran iska da ke shiga, sai a koma can.

Za a ba ka shawarar ka jefar da kafireton ka sayi sabo na kasuwa tunda ba shi da tsada. Idan naka na asali ne, Keihin, ni ban goyi bayan haka ba. Na kasuwar sau da yawa jet ɗinsu bai dace da injin ba, lambar da aka buga a jiki ma ba kullum take daidai da ramin ba. Ko kayan gyara ka saya, ɗauki robobi da fakin da allurar fulot, ka mayar da tsofaffin jet ɗinka da ka wanke. Sauyawa tana zama dole ne kawai idan silaid ya cinye yana girgiza a mazauninsa, ko ruwa ya ci jikin kafireton har ya yi farin gari ya rarake.

Masu babur mai bugu biyu irin Suzuki AX100 da Jincheng ɗin da aka ƙera a kan samfurinsa, abin da ya gabata ya shafe su ban da bawul, baƙin man inji da lambobin da suka keɓanta da CG125, sannan suna da ƙarin abu ɗaya: robobin da ke rufe gefe biyu na karanshaf. Idan ta ɓangaren maganeto ta bushe, iska take shigarwa, silo ya haura ya ƙi sauka, kuma ci gaba da hawa a haka yana iya ƙona fistin. Idan ta ɓangaren kuloci ce, man giya take zuƙowa, sai farin hayaƙi mai kauri da fulogi jiƙe da mai, man giyar kuma yana raguwa ba tare da ɗigo a ƙasa ba. Cire murfin maganeto ka duba bayansa, danshin mai a wurin ya isa shaida, kuma idan za a sauya ɗaya a sauya duka biyun.